Wane Ne Paa?

Shafi na 23

Na ga saƙonninku duka, har da na wadda ta ce in Ibtissam ta ƙara yar da sanda ita ma za ta yar da labarin. Ku yi haƙuri da ni, hannuna ba ya sauri. Muna nan dai a Greensboro, watan Mayun 2007, ranar Alhamis da yamma, saura kwana biyu gasar gudu.

* * *

Tun daga bakin ƙofa Ibtissam ta san akwai magana, domin an kashe talabijin. A gidansu ba a kashe talabijin da rana sai in an yi rasuwa ko ana jiran mai laifi, kuma ba ta ji an ce kowa ya rasu ba.

Mamanta, Hajiya Oumou, tana kan doguwar kujera, tabarau a ƙarshen hanci. Anti Fassouma, ƙanwar Mama da ke kitso a wani shago a High Point Road, tana zaune a kafet tana warware gashin kanti tana jerawa a kan gwiwa. A tsakiyar tebur, inda aka saba ajiye kwanon dabino, takalmin gudun Ibtissam ne. Ƙafar hagu. An zare shimfiɗar cikinsa an ajiye gefe.

"Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salam. Aje sak ɗin, jakar nan. Zauna."

Ba kujera aka nuna mata ba. Ƙasa aka nuna.

A hannunta akwai takardar da Coach ta raba musu yau, wadda dole uwa ko uba su sa wa hannu kafin gobe da safe. In babu sa hannu, yarinya ba za ta hau motar makaranta zuwa gasar Asabar ba. Babanta yana kan hanya da babbar mota, sai Lahadi zai dawo. Hannun Mama kaɗai ya rage a duniya.

"Cewa na yi bari in wanke miki takalmi," in ji Mama, "don warin ya fara kaiwa kicin. Taimako na zo yi, ba bincike ba. Fassouma shaida ce."

"Ni shaida ce," in ji Anti Fassouma. "Hanci muka toshe. Ba mu san akwai abin gani ba."

Mama ta ɗaga wata 'yar takarda da yatsa biyu.

Ibtissam ta san takardar. Jiya bayan practice ta tsince ta a cikin takalmin, ta karanta ta a ɗakin canza kaya, ta karanta a mota, ta karanta a banɗaki sau da yawa har Mama ta buga ƙofa tana tambaya ko cikinta ne. Sannan ta mayar da ita ƙarƙashin shimfiɗar, ta bar takalmin a gida sai ranar gasa. Ta kuma san mai rubutun. Ruqaya ce, wadda take miƙa wa sanda a relay. Su huɗu ne, kowace ta zaga fili sau ɗaya ta miƙa wa ta gaba. Ibtissam ce ta uku, Ruqaya ta ƙarshe. Tun watan Fabrairu Coach take musu faɗa cewa mai miƙa sanda hannu take kallo, ba fuska ba.

Kuma har yanzu ba ta ba Ruqaya amsa ba. Yau a makaranta a laburare ta ɓuya lokacin cin abinci. A practice ta yar da sanda sau biyu.

Mama ta gyara tabarau, ta karanta da muryar da take karanta wa yara shifta a da:

"KA DENA KALLO NA HAKA A PRACTICE. INA MANTA GUDU. INA SONKA PAA. KAR KA GAYA MA KOWA."

Ta sauke takardar.

"Na farko, ba haka ake rubuta 'daina' ba. Shekara goma sha ɗaya ina koyarwa a lakwal a Maradi, ɗiyata ta rubuta 'dena'. Na biyu, wane ne Paa?"

Ibtissam ta sake duban takardar.

Sai a lokacin ta gane abin da ya faru.

Iyayen Ruqaya mutanen zangon Kumasi ne, kuma Hausarsu ba ta damu da raba mace da namiji ba. A bakin Ruqaya kowa "ka" ne. Ibtissam "ka" ce, Coach "ya yi fushi" duk da mace ce mai 'ya'ya biyu. Shi kuwa "paa" kalmar Twi ce da suke maƙalawa a ƙarshen magana, ma'anarta sosai. Na gaji paa. Rana ya yi zafi paa. Amma Mama ba ta taɓa jin wannan a bakin Ruqaya ba, domin da manya Ruqaya "ku" take cewa, da Ibtissam kuma a gaban manya Turanci suke yi.

Wato Mama ta ga "ka", ta ga takalmin 'yarta, ta ga rubutu mai kuskure, ta haɗa lissafinta. 'Yarta ce ta rubuta wa wani namiji. Sunansa Paa.

In ta ce ba ita ta rubuta ba, tambaya ta gaba ita ce wa ya rubuto mata. Ta bayanta kuma, wane ne a garin nan yake ce wa mace "ka". Mama ba ta da saurin yafiya, amma tana da saurin ganewa.

"Ni na rubuta," in ji Ibtissam.

"Na san ke kika rubuta. Wa zai rubuta 'dena' in ba ɗiyar Amurka ba? Tambayata wane ne Paa."

"Wani ne."

"Kin ji, Fassouma. Wani ne. Da na ɗauka wata bishiya ce."

Anti Fassouma ta ajiye gashin hannunta. Irin wannan aikin ya fi mata kitso daɗi.

"Yaya, Paa sunan mutanen Gana ne. Ni na san uku a garin nan. Akwai Paa mai gyaran mota a Glenwood, amma shi jikokinsa huɗu."

"Ba shi ba ne," in ji Ibtissam.

"Akwai Paa mijin wata kwastomata. Shi kuwa tumbinsa yana riga shi shiga ɗaki, ban ga abin da zai kai shi practice ba."

"Anti."

"Na ukun kare ne. Wata Baturiya mai dawaki a Summerfield, da na je yi wa jikarta kitso na ji tana kiransa."

"Fassouma, bar wasa," in ji Mama. Ta juyo. "Musulmi ne?"

"Eh."

"Yana salla?"

"Yana yi."

"Kin gani. Har sallarsa ta sani. Ni da na haife ta sai na yi kira uku kafin ta tashi asuba, amma ta san sallar Paa." Ta miƙo hannu. "Mi ke nan a cinyarki?"

"Takardar gasa ce. Ana so ki sa hannu."

Mama ta karɓa, ta duba sama da ƙasa, ta ajiye kusa da takalmin.

"Gudu ya ƙare."

"Mama."

"Da kika ce za ki yi gudu, babanki ya ce a'a. Ni na tsaya miki. Na ce a bar ta, za ta sa dogon wando, za ta ɗaura ɗankwali, gudu ba saɓo ba ne. Ni na je kanti na sayi takalmi mai ƙusa, matar tana tambayata ko ni zan sa. Ashe akwatin gidan waya na saya."

"Mama, mu huɗu ne. Mai canjinmu ta gurɗe ƙafa. In babu ni babu relay."

"Sai su yi su uku. Kowace ta ƙara kaɗan."

"Ba haka ake yi ba."

"Ni ma ba haka na yi zato ba." Mama ta dubi agogon bango. "Bon. Tunda ke ba za ki faɗa ba, na kira wadda za ta faɗa. Yarinya mai kunya, mai durƙusawa in za ta gaishe ni. Kuma ɗiyar Gana ce, ta san Paa-Paa ɗinsu."

Ibtissam ta waiga ta dubi ƙofa.

"Wa kika kira?"

Aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Gini biyu ne tsakanin gidan su Ruqaya da nasu, don haka ko takalmin kirki ba ta sa ba, silifas ne da safa. Ta shigo da sallama, doguwa, mayafin mamanta a yafe a kan rigar practice. Ta durƙusa.

"Hajiya, kun wuni lafiya? Anti, sannunku da aiki."

"Kin gani?" Mama ta ce wa Ibtissam. "Haka ake yi."

Ruqaya ta ɗago kai da murmushi. Ta ga takalmin. Ta ga takardar a hannun Hajiya. Cingam ɗin da ke bakinta ya wuce ciki, kowa ya ji wucewarsa.

Ibtissam ta yi sauri, da ƙarfi, tana raba kalmomin ɗaya bayan ɗaya.

"Mama ta ga takardar da na rubuta. Ni. Wadda na rubuta wa yaron nan. Paa."

"Paa?" in ji Ruqaya.

"Paa. Yaron nan. Mai suna Paa."

Ruqaya ta dubi takardar, ta dubi Ibtissam. Kafaɗunta suka fara rawa. Ta cusa fuska a mayafi, wani sauti ya fito mai kama da kukan ƙofa.

"Allah sarki," in ji Anti Fassouma. "Ita ma abin ya taɓa ta. Ba ta ruwa."

Aka ba ta ruwa. Ta sha, ta ƙware, ta ƙara sha.

"Ruqaya," in ji Mama, "ni na ɗauke ki kamar ɗiyata. Ki ji tsoron Allah ki faɗa mini. Kin san shi?"

"Na san shi, Hajiya."

"Sosai?"

Ruqaya ta ciji leɓe.

"Sosai, Hajiya."

"Wane irin yaro ne?"

"Yana da hankali. Yana taimakon mamansa a shago. Ba ya yawo."

"Uhm."

"Kuma shi ya fi kowa gudu a school."

"Ba shi ya fi kowa ba," in ji Ibtissam.

"Time ɗinsa fifty-nine."

"Sau ɗaya ne. Kuma iska ce ta tura shi."

"Babu iska ranar."

"Akwai. Har hular Coach ta tashi."

"Ya isa," in ji Mama. "Ban kira ku gardamar iska ba."

Anti Fassouma ta matso. "Kyakkyawa ne?"

"Mutane suna faɗi," in ji Ruqaya, tana kallon silin.

"Kunnuwansa manya ne," in ji Ibtissam.

Hannun Ruqaya ya tafi gefen mayafinta da kansa. Ta maida shi cinya.

"Babban kunne ba aibu ba ne," in ji Anti Fassouma. "Mijina na farko ƙananan kunnuwa gare shi, kuma bai taɓa jin magana ba."

"Wa ya fara kallon wani?" in ji Mama.

Su biyun suka amsa tare.

"Shi ne."

"Ba shi ba ne."

Mama ta dubi wannan, ta dubi waccan.

"Ke Ruqaya, kamar kina kare shi."

"A'a Hajiya. Tausayinsa nake ji." Muryarta ta sauka. Dariyar ta tafi daga fuskarta. "Matsoraci ne. Kowa yana ganin kamar ba ya tsoron komai, amma tun jiya bai ci abinci ba. Yana tsammani ya ɓata komai. Yau ya je cafeteria ya zauna shi kaɗai har aka buga bell."

"Mi ya ɓata? Ai takardar ba ta kai gare shi ba, ga ta a hannuna."

Ruqaya ta gane ta taka inda bai kamata ba.

"Shi ma ya rubuta irinsa," ta ce. "Ba a ba shi amsa ba."

"Voilà," in ji Mama, ta bugi cinya. "Wato shi ya fara. Ina tasa takardar?"

"Na cinye," in ji Ibtissam.

"Kin mi?"

"Na tauna na haɗiye."

"Shi ya sa kika daɗe a banɗaki jiya," in ji Anti Fassouma, tana gyaɗa kai kamar likita.

Mama ta cire tabarau ta murza idonta. A waje motar ice cream ta wuce da waƙarta.

"Ibtissam, dube ni."

Ta dube ta.

"Ni ma na yi shekara goma sha shida. Na san yarinya tana iya rubuta abu don ta ga yadda zai yi kyau a takarda. In wasa ne, ki ce wasa ne. In yaga wannan, in sa miki hannu, babanki ba zai ji ba. Magana ta mutu a ɗakin nan."

Ta ɗauko bik ɗinta na rubutu daga cikin jakarta, ta ajiye a kan takardar gasa.

"Kalma ɗaya. Wasa ne?"

Hanya ce a buɗe. Anti Fassouma ma tana yi mata alama da gira, tana motsa baki, wasa, wasa. Tun Fabrairu suke gudu a sanyi don ranar Asabar ɗin nan. Sauran 'yan matan biyu har sun sayi ribbon iri ɗaya na ɗaure gashi, sun saya mata wanda za ta ɗaura a kan ɗankwali.

Ibtissam ta saci kallon gefe.

Ruqaya ba ta kallon kowa. Tana kallon kafet, tana jan wani zare da ya fito daga safarta. Ta riga ta shirya fuskarta, irin fuskar da take yi in an wuce ta a mita goman ƙarshe, wadda ke cewa ba komai. Ita ma ta gyaɗa kai kaɗan, wato faɗi kawai, na gane.

Amma in ta ce wasa ne, ba Mama kaɗai za ta ji ba. Kuma wannan ce amsar farko da Ruqaya za ta samu.

"Ba wasa ba ne," in ji Ibtissam.

Zaren ya tsinke a hannun Ruqaya.

"Sake faɗi," in ji Mama.

"Ba wasa ba ne. Abin da ke cikin takardar, haka yake a wurina. Tun kafin takardar ma." Ta ci gaba, idonta a kan kwanon dabinon da aka mayar saman talabijin. "Ban ba shi amsa ba don tsoro nake ji, ba don ba na so ba. Na je cafeteria ɗin. Na tsaya a ƙofa na gan shi. Na kasa shiga."



Sai Anti Fassouma ta ja hanci, ta goge ido da gashin kanti.

"Wallahi ni ba a taɓa tsaya mini a ƙofar komai ba."

"Fassouma."

"Na yi shiru."

Ruqaya ta sake cusa fuska a mayafi. Wannan karon kafaɗunta ba su yi rawa ba. Kunnenta ɗaya ya leƙo ta gefe, kuma gaskiyar Ibtissam ce, babba ne.

Mama ta daɗe tana kallon 'yarta.

"Na buɗe miki ƙofar ƙarya, kin ƙi shiga," ta ce. "Ban san ko in yi fushi ko in yi alfahari ba. Zan yi duka biyun." Ta maida tabarau. "Babanki ma takarda ya rubuto mini. Da Faransanci. Abokinsa ya rubuta masa, ya manta bai canza sunan yarinyar ba. Na gyara masa kuskure tara da jan bik na mayar."

"Har yau yana ajiye da ita," in ji Anti Fassouma.

"Ba wannan ake magana ba. Ku saurara. Za ki je gudun."

Ibtissam ta ɗago kai.

"Amma da sharaɗi. Ba magana da Paa. Ba kallo. Ba takarda, balle a ci. Bayan gasa zan san iyayensa, in san daga wane gida ya fito. Kafin nan, Ruqaya."

"Na'am, Hajiya." Muryar ta fito daga cikin mayafi.

"Fito in ga fuskarki. Na ba ki amanar yarinyar nan. A mota ku zauna kujera ɗaya. In za ta ci abinci, ku ci tare. In za ta banɗaki, ki tsaya a ƙofa. Kar ki bar ta ta yi taku uku ba ki gani ba."

"To, Hajiya."

"Ba 'to' na baki ba. Za ki iya?"

"Zan yi ƙoƙari, Hajiya. Aiki ne babba, amma zan yi."

"In Paa ya matso kusa da ita fa?"

Ruqaya ta yi tunani.

"Duk inda yake, ni ma ina nan, Hajiya."

"Madalla. Kin ji ɗiyar mutane." Mama ta juya ga Ibtissam. "Ke kuma mi kike wa murmushi? Gadi na sa miki, ba biki ba."

"Ba murmushi nake ba. Haƙorina ne."

"Haƙorinki ya jira Litinin."

Ta jawo takardar gasa, ta ɗora a kan gwiwa, ta cire murfin bik da haƙori. Sa hannun Hajiya Oumou ba abin gaggawa ba ne. Yana farawa da wani babban zagaye, ya yi tudu uku, sannan ya ƙare da jela mai komawa baya. Ta yi zagayen. Ta hau tudu na farko.

Aka buga ƙofa da ƙafa.

"Salamu alaikum, masu gida. Hannuna ya cika."

Ruqaya ta miƙe tsaye kamar an harba bindigar fara gudu.

Mamanta ce, Hajiya Sahadatu, mai shagon kayan abincin Gana a bakin titi. Anti Fassouma ta buɗe mata. Ta shigo da tukunya a naɗe cikin tawul, ƙamshin wake da shinkafa ya riga ta.

"Kun wuni lafiya? Na ce bari in kawo muku waakye, in kuma ɗauki wannan yaro da ya bar mini albasa a wuta ya fito." Ta ajiye tukunyar kusa da takalmin, ta dubi takalmin. "Lafiya? Ana cin takalmi a gidan nan?"

"Maa, mu tafi," in ji Ruqaya. "Albasa zai ƙone."

"Ya riga ya ƙone."

"Hajiya Sahadatu, Allah ne ya kawo ki," in ji Anti Fassouma. "Ke duk mutanen Gana a shagonki suke sayayya. Kin san wani yaro Paa? Mai manyan kunnuwa, mai gudu?"

"Anti, an gama maganar," in ji Ibtissam.

"Mama tana sa hannu," ta ƙara, da Mama ba ta ci gaba ba.

Amma Mama ta tsaya a tudu na farko, tana jiran amsa.

"Paa wane?" in ji Hajiya Sahadatu. "Paa Kwesi? Paa Joe?"

"Paa kawai. Ga shi nan a rubuce."

Kafin Ibtissam ta miƙa hannu, takardar ta wuce ta saman kanta. Hajiya Sahadatu ta goge hannu a zani, ta nisanta takardar da idonta, ta karanta tana motsa baki. Da ta kai layi na uku sai ta tuntsire da dariya har ta dafa bango.

"Wannan ne Paa ɗin?"

"Shi ne," in ji Mama.

"Hajiya, wannan ba mutum ba ne. Maganarmu ne. In abinci ya yi daɗi mu ce ya yi daɗi paa. In mutum ya gaji ya ce na gaji paa. Sosai ke nan. Ina sonka sosai." Ta share hawaye. "Kun zauna tun la'asar kuna neman sosai a Greensboro."

Anti Fassouma ta fara dariya ita ma, sai ta ga yayarta ba ta yi, ta daina.

"To mai manyan kunnuwan fa?" ta ce.

"Tsaya," in ji Mama a hankali. "Ina ɗiyata ta koyi Twi har take rubuta shi?"

"Ai yara suna koya a bakin juna," in ji Hajiya Sahadatu. Ta sake duban takardar don ta ƙara dariya. Ta matso da ita kusa da fuska. Ta karkata ta wajen taga.

Dariyar ta tsaya.

"Wannan K mai doguwar ƙafa," ta ce. "Shi ne a kan duk kwalin da ke shagona."

Ta sauke takardar. Ta juya ga 'yarta, wadda ta riga ta kai bakin ƙofa, silifas ɗaya a ƙafa.

"Ruqaya. Wa ka rubuta ma wannan?"

Mama ta ɗaga bik daga kan takardar gasa.

Ta dubi Hajiya Sahadatu, wadda yanzu ta ce wa 'yarta mace "ka". Ta dubi Ruqaya. Ta dubi takalmin da ke kan tebur, ta daɗe a kansa. Sannan ta maida murfin bik ɗin, ta cire tabarau.

"Ibtissam," ta ce. "Ke ce 'ka' ɗin?"